Ranar da Injiniya Ya Yanka Faifai Gida Bakwai

A wata tashar manyan motoci, irin wadda ake yankar tikiti ta taga kafin a hau, an yi wani mutum da kowa ke kira Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa bayan ya yi kwas ɗin kwamfuta na mako uku, wanda guda daga ciki ma a kwance ya yi shi da zazzaɓi. Ainihin aikinsa a tashar liƙa wa kaya lamba ne. Ka kawo jaka ya manna mata takarda, ya yage rabi ya miƙa maka, shi ke nan. Aikin ma albarkacin yayarsa ya samu, don ita Manajan tashar yake aure, kuma a gidansu Injiniya yake zaune, a ɗakin da ke bakin ƙofa.

Sai dai in ya buɗe baki, ka rantse shi ya ƙera jirgin sama. Wayar mutum ba ta isa ta yi gardama a gabansa ba, sai ya fizge ya ce, "Kawo nan, ƙaramin abu ne." Duk wanda ya taɓa ba shi sau ɗaya bai ƙara ba.

Kwamfuta guda ce tal a ofishin, tana ƙarƙashin teburin matar da ke yanka tikiti, wadda duk tasha ke kira Anti. Kwamfutar nan ita ke riƙe da ran tashar. A cikinta sunayen fasinjoji suke da lambar kujerar kowa, ita ke nuna jerin motoci a babban allon ɗakin jira, ita ke sakin sanarwa ta lasifika. Wata mata mai gyaran na'urori ce ta haɗa ta, takan leƙo sau ɗaya a wata. Duk sanda za ta tafi sai ta ce, "Don Allah kada wanda ya taɓa min ita." Kuma in tana faɗa, Injiniya take kallo.

Abin da ke ci wa Injiniya rai shi ne, kullum da safe in an kunna kwamfutar sai ta yi minti uku cur tana zubo fararen rubutu a baƙin allo kafin ta buɗe.

Rannan ya tsaya bayan kujerar Anti ya riƙe ƙugu ya ce, "Anti, kin san abin da take yi a minti ukun nan?"

"Tashi take daga barci, kamar kowa."

"Laluben ɗakunanta take yi. Faifan ajiyar da ke cikinta gida huɗu kacal aka raba shi. Ɗaya na babbar manhajar da ke tayar da ita, ɗaya na fasinjoji, ɗaya na sanarwa, ɗaya na tsofaffin bayanan bara."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, don ya ji mai gyara tana yi wa Manaja bayani. Daga nan ne kuma gaskiyar ta ƙare.

"Cunkoso ne ya yi mata yawa," in ji shi. "In na yanka faifan nan gida bakwai, kafin ki ajiye jakarki ta buɗe."

Anti ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ni minti ukun ba su dame ni ba, a cikinsu nake goge tabarau. Je ka ga mai akwati can yana jiran ka."

Injiniya ya fita yana girgiza kai. A ransa ya ce mutanen nan ba su san darajar abin da Allah ya ajiye musu a bakin ƙofa ba.

Ba a yi mako ba dama ta faɗo. Mai gyara ta yi tafiya wani gari, Manaja kuma aka kira shi taro da masu tashar, sai gobe da hantsi zai shigo ofis. Da motar ƙarshe ta tashi da ƙarfe biyar na yamma, Injiniya ya matso ya ce wa Anti ta bar masa makulli, yau shi zai share ofis.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai? Shara? Lafiya kuwa?"

"Ai ba a rasa ranar alheri, Anti."

"To, ka share ƙasa kawai. Abin da ke ƙarƙashin tebur ba ƙura ba ne."

Tana bacewa ya jingine tsintsiya, ya hau kujerarta, ya miƙe yatsu suka yi ƙas ƙas. Ya buɗe manhajar raba faifai, wadda ya taɓa gani sau ɗaya malaminsu ya nuna daga nesa. Sai ga faifan a allo kamar doguwar sanda mai launi huɗu, da 'yan guraben da ba kowa a tsakani.

Mai gadi ya leƙo ta taga yana cewa, "Injiniya, wannan wace irin shara ce a zaune?"

"Zo ka ga ilimi, Baba mai gadi. Ka ga faifan nan? Kamar gida ne. Ɗakuna huɗu ne, ga fili a banza. Yanzu zan tayar da sababbin ɗakuna uku."

"To masu zama a cikin na da, an gaya musu?"

Injiniya ya kwashe da dariya. "Na'ura ce fa. Ita ba a yi mata sallama."

Ya danna, ya ja, ya yanka. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce da ƙarfi, "Na tabbata mana." Ta sake tambaya da jan rubutu. Ya ce, "Ke, da wa kike magana?" ya danna. Can ya lura lambobin sun hargitse, sababbin ɗakunan suna tsakiya amma lambarsu biyar, shida, bakwai. Abin bai yi masa kyan gani ba. Ya hango wani maɓalli na sake jera lambobi daga farko zuwa ƙarshe, ya danna shi da murmushi. Nan take suka jeru tsaf, ɗaya zuwa bakwai.

Abin da Injiniya bai sani ba, don a makon zazzaɓi aka koyar da shi, shi ne yadda kwamfutar ke tashi. In an kunna ta, farko takan karanta wani ɗan jadawali a bakin faifan ta ga gida nawa aka raba shi. Sannan ta ɗauko wani jeri dabam da mai gyara ta rubuta mata, wanda ke cewa fasinjoji suna lamba kaza, sanarwa tana lamba kaza. Injiniya ya canza wa ɗakuna lamba, jerin kuwa yana nan yadda yake. Ya kashe kwamfuta, ya kulle ofis, ya tafi gida yana fito. Sharar ma bai yi ba.

Washegari tun ƙarfe shida ya riga kowa zuwa, sanye da rigarsa mai aljihu uku da biro a kowanne. Da Anti ta iso ya ce, "Kunna, ni kuma ina duba agogo."

Ta kunna. Rubutu ya ɗan gilma, sai ga ta ta buɗe.

"Daƙiƙa arba'in!" Injiniya ya buga tebur. "Baba mai gadi, zo ka shaida! Daƙiƙa arba'in!"

Dalilin saurin kuwa shi ne ɗakin da ta shiga fayau yake, babu abin dubawa. Anti ta sa tabarau ta ƙura wa allo ido, ta cire ta goge ta mayar.

"Injiniya, motar ƙarfe bakwai jiya kujera uku ta rage. Yanzu ga ta nan ba kowa a ciki."

"Abin da ake kira faɗaɗawa ke nan, Anti. Na ƙara wuri."

"Faifai ka ƙara wa wuri ko mota ka ƙara wa kujeru?"

Ya ɗan yi tari. Bai san amsar ba, amma rashin sanin amsa bai taɓa hana shi bayarwa ba. "Mutanen jiya ta kwashe su ta mayar motar da ta fi dacewa da su. Sabon tsari ne, da kanta take tunani yanzu."

Layi ya riga ya miƙe a taga, ana ta ƙwanƙwasa gilashi. Anti ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ni dai abin da allo ya nuna nake bi. In ta ɓaci, bakinka ne zai yi bayani." Ta shiga yanka tikiti.

Ƙarfe bakwai saura kwata hayaniya ta tashi daga wajen motar. Injiniya ya nufi wurin yana taku ɗai-ɗai, a zatonsa yabo ne ya fara isowa. Yana leƙawa ya ga kowace kujera mutum biyu sun tsaya a kanta, kowa na ɗaga takarda. A kujera ta goma sha huɗu wata tsohuwa ce zaune ta rungume jakarta, wani ƙaton mutum mai wuya kamar turmi ya tsaya a kanta.

"Iya, ki duba da kyau, sha huɗu tawa ce."

"Ɗan nan, da ina gani da kyau me zai kai ni wurin likitan ido? Tun jiya jikata ta yankar min. Wata uku ina jiran ranar nan, ƙarfe goma aka ce in je. In na tashi daga nan sai dai a ɗauke ni da kujerar."

"To ni a ina zan zauna?"

"Ka tambayi wanda ya sayar maka da ni."

Direban motar ya kashe inji ya sauko ya ce shi ba zai ja mutum tamanin a motar mutum arba'in ba. Aka juya neman mai laifi. Anti ta leƙo ta taga ta nuna da biro. "Ga shi nan, mai aljihu uku."

Injiniya ya ɗaga hannu biyu. "Jama'a, a kwantar da hankali. Ƙaramin abu ne. Minti biyu."

Ya ruga ofis. A hanya ya tuna ya taɓa ganin mai gyara ta buɗe wani jeri mai lambobi, ya yi ta lalube har ya same shi. Ga layin fasinjoji, an rubuta lamba biyu. To yanzu ina suka koma? Ya ƙirga da yatsu. Biyu babu kowa. Uku ba ta kwanta masa a rai ba. Ya ce, "Bakwai. Babban abu a ƙarshe yake zama." Ya goge biyu ya rubuta bakwai, ya kashe ya kunna.

Babban allon ɗakin jira ya haska, sai ga jerin motoci reras, da sunayen direbobi, da kujeru a cike. Mutane suka yi shewa. Injiniya ya fito bakin ƙofa yana karkaɗe kafaɗa.

"Na gaya muku. Kowa ya bi abin da allo ya ce."

Allo kuwa ya ce motar ƙarfe bakwai ita ce rawayar nan mai lamba shida. Jama'a suka kwashi kaya suka yi bayan tasha da gudu, inda rawayar take. Suka same ta a ɗore kan bulo, ba taya ko ɗaya, wata kyanwa ta haihu a kujerar direba. Wata takwas ke nan rabonta da titi. Ɗakin tsofaffin bayanan bara Injiniya ya buɗe.

Ba a gama wannan ba sai ga wani dattijo ya miƙe daga benci yana gyara hula. Baba Direba ke nan, wanda ya yi ritaya bara saboda idonsa ya yi rauni, amma kullum sai ya zo tasha ya zauna hira. Wani ne ya karanta masa sunansa a allo.

"Allah mai iko! Na san za su neme ni. Ina makulli?"

Mai gadi ya riƙe shi. "Baba, zauna, kuskure ne."

"Kuskuren me? Shekara talatin ina jan mota, hanyar nan ko ido rufe na san ta."

Tsohuwar nan, da aka riƙo hannunta aka kawo, ta ce, "Wane ne ke cewa zai ja mu ido rufe?"

"Ni ne, Hajiya."

"To ni da kai duk likita ɗaya muke nema. Ka nemi kujera, kada ka nemi sitiyari."

Ana cikin haka Manaja ya shigo da jakarsa a hannu, ya tarar da tasha kamar an watsa wa tururuwa ruwa. Ya tsaya ya dubi allo, ya dubi mutanen da ke zagaye da mota marar taya, ya dubi Baba Direba yana neman makulli a aljihun mai gadi. Bai tambayi kowa ba ya ce, "Ina ƙanin matata?"

Injiniya ya fito yana murmushin yaƙe. "Yaya, sannu da dawowa. Ya taro?"

"Me ka taɓa?"

"Ban taɓa ba, ingantawa na yi. Yaya, daƙiƙa arba'in fa take tashi yanzu."

"Ita ta tashi, motocina sun kwanta. Mayar da ita yadda take."

"Ai mayarwar ce ci baya."

"Ina son ci bayan. Yanzu."

Manaja ya koma gefe ya kira mai gyara a waya. Aka yi sa'a ta dawo gari da asuba, ta ce tana zuwa, amma kada a ƙara taɓa komai. Duk a kunnen Injiniya aka yi wannan. In matar nan ta zo ta gyara a gaban jama'a, sunan Injiniya ya mutu a tashar nan. Dole ya riga ta.

Ya faki ido ya sake buɗe manhajar raba faifai. Ya ga wata 'yar alama kamar tauraro a jikin ɗaki na ɗaya. Alamar nan ita ke gaya wa kwamfuta daga wane ɗaki za ta tashi. Shi kuwa ya ɗauka alamar muhimmanci ce. Ya ce a ransa, ai fasinjoji su ne masu muhimmanci, shi ya sa take ɓatar da su. Ya cire tauraron ya liƙa wa ɗaki na huɗu, wanda ya canka ko nan suke, ya kashe ya kunna.

Allon ofis ya yi baƙi. Babban allon ɗakin jira ma ya yi baƙi, sai layi ɗaya na farin rubutu a can sama, da wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa.

Kowa ya ƙura wa allon ido. Ƙaton nan ya ce, "Me ta ce?"

Injiniya ya leƙo daga ƙofar ofis. "Cewa ta yi tana tattara ƙarfi. A ɗan ba ta lokaci."

Wani malamin makaranta da ke zaune gaba da jarida ya gyara murya. "Gafara dai, ba haka ta ce ba. Cewa ta yi ta duba ba ta ga manhajar da za ta tashi da ita ba."

"Malam, wannan yaren na'ura ne, ba na aji ba."

"To a yaren na'urar, 'babu' tana nufin 'akwai' ne?"

Aka fashe da dariya. Wata mata ta ce, "Jama'a, wai wannan ba shi ne mai liƙa wa kaya takarda ba?" Wani ya amsa, "Shi ne. Jakata ma lambar wani ya manna mata."

Injiniya ya ja ƙofa ya rufe. Ya laluba aljihu na uku ya zaro ɗan filas ɗinsa na ajiyar bayanan kwamfuta, wanda tun zamanin kwas aka zuba musu manhajar ceto a ciki. Ya soka shi. Cikin ikon Allah, da dannawa da addu'a, ya samu ya mayar da tauraron inda yake. Ƙarfin gwiwarsa ya dawo sabo fil. Ya buɗe jerin nan ya rubuta wa fasinjoji lamba uku, don ita kaɗai ta rage bai gwada ba a kusa. Sai ya tuna tun safe lasifika ba ta ce uffan ba. Ya ce bari ya haɗa da ita, a ga cikar aiki. Ya shiga leƙa ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana neman mai muryoyi a ciki. Can ƙasa ya ga wani ɗaki na takwas, cike da muryoyin da aka naɗa. Bai tsaya ya tambayi kansa yadda wanda ya yanka bakwai ya samu takwas ba. Ya rubuta shi a layin sanarwa, ya kashe ya kunna, ya buɗe ƙofa ya fito tsakiyar ɗakin jira.

"Jama'a, a saurara. Yanzu za ku ji aiki."

Lasifika ta yi ƙara, ta yi shiru. Sai aka ji wani yana gyaran murya, da amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya.

"Gwaji, gwaji. Ranku ya daɗe masu tasha, ni ne Injiniya. Na zo ne in faɗa muku gaskiya tsakani da Allah. Tashar nan tana bukatar sabon manaja."

Nan take Injiniya ya gane muryarsa. Ɗaki na takwas filas ɗinsa ne. A ciki yake ajiye jawabin da ya daɗe yana gwadawa, wanda yake shirin yi wa masu tashar ranar da zai samu ganinsu.

"Manajan da kuke da shi mutumin kirki ne, mijin yayata ne, ba zan ɓata shi ba. Amma ko wayarsa ni nake buɗe masa. In ya shiga ofis ya rufe ƙofa ya ce yana nazari, ku saurara da kyau, nazarin yana da minshari. A'a, wannan ya yi zafi. Bari in sake." Aka ji tari. "Nazarin yana da minshari ƙwarai."

Ɗakin jira ya kece. Manaja yana tsaye bai motsa ba, sai jijiyar goshinsa da ta fito.

Injiniya ya faɗa ofis da gudu ya danna madanni, ba abin da ya tsaya. Lasifika ta ci gaba.

"Ita kuwa Anti mai tikiti, da yatsa ɗaya take danna kwamfuta, kamar kaza na tsintar tsaba."

Anti ta cire tabarau a hankali ta ninke. "Kaza ko? To."

Ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya fizge waya daga bango. Fanka ta tsaya. Ya fizge wata, fitila ta mutu. Ya fizge ta uku, ta kwamfutar ce kuwa, amma mai gyara ta haɗa mata batirin ko-ta-kwana, sai kawai ya fara ƙara ɗit ɗit, muryar na ci gaba.

"In kun ba ni kujerar, a wata guda zan..." Sai aka ji bugun ƙofa bam bam a cikin naɗin, da muryar mace. "Kai! Wai me kake yi a banɗaki tun ɗazu? Da wa kake magana? Fito, maigidan zai yi wanka!" Muryar Injiniya ta amsa a ƙanƙance, "To Yaya, ga ni nan fitowa."

Nan fa aka rasa mai riƙe wani. Ƙaton nan ya zauna a kan akwatin wani yana share hawaye. Malamin makaranta ya rufe fuska da jarida, kafaɗunsa na rawa. Baba Direba yana ta tambaya, "Wa ke wanka? Wa ke wanka?" Tsohuwa ta ce, "Oho, ni dai ko ban gani ba na ji."

Daidai nan mai gyara ta shigo da 'yar jakarta. Ta tarar da Injiniya rabi a ƙarƙashin tebur, wayoyi uku a hannu. Ta miƙa yatsu biyu ta zare filas ɗin. Tasha ta yi shiru.

"Matsa," in ji ta.

Ya matsa. Ta mayar da wayoyi, ta zauna ta duba. "Gida bakwai. Me za ka zuba a sauran ukun?"

"Na gaba ne. Hangen nesa."

"Allah ya taimake ka yankan bai bi ta kan bayanan mutane ba. Fasinjoji suna nan lafiya a lamba huɗu, tun safe suke jiran a buɗe musu." Ta zaro nata filas ɗin, inda ta adana kwafin jadawalin faifan na asali, ta mayar da shi, ta gyara jerin. Ta kuma canza yadda kwamfutar ke gane ɗakunanta, ta daina bin lamba, ta koma bin wata shaida ta musamman da kowane ɗaki ke da ita, wadda ba ta canzawa ko an sake jeri. Sannan ta sa kalmar sirri.

Injiniya ya leƙo ta kafaɗarta. "Ai abin da nake shirin yi ke nan kika shigo."

"Na sani. Shi ya sa na yi sauri."

Kwamfuta ta tashi, sunayen jiya suka dawo. Manaja ya sa aka fito da motar ajiya aka kwashi mutanen da aka yankar wa tikiti da safe. Tsohuwa ta zauna daram a sha huɗu, direba ya yi mata alkawarin sauke ta a ƙofar asibiti kafin goma. Da za a tashi ta leƙo ta taga ta ce, "Ina yaron banɗakin nan? Ku ce masa in na dawo da sabon ido zan zo in ga fuskarsa."

Ranar nan Injiniya bai ƙara ɗaga kai ba. Ya liƙa wa jaka ɗari da wani abu lamba, kowane fasinja kuwa sai ya ce masa, "Sannu, sabon manaja." Anti ta wuce shi sau uku, duk wucewa sai ta ce, "Kur-kur-kur." Manaja ne kaɗai bai ce masa komai ba, kuma wannan shirun ya fi komai tayar masa da hankali.

Da aka tashi aiki, Injiniya ya lallaɓa zai bi ta ƙofar baya ya tafi a ƙasa. Sai ya ji hon. Manaja ne a motarsa, ya buɗe masa ƙofar gaba.

"Shigo mu je gida."

"Yaya, da ka bari, ina son in ɗan miƙe ƙafa."

"Shigo."

Ya shiga ya takure a jikin ƙofa. Manaja ya zaro filas ɗin daga aljihu, ya soka a rediyon mota, ya tayar da inji.

"Mai gyara ta ce guda goma sha ɗaya ne a ciki. Na farko kawai muka ji. Za mu ji biyar a hanya, sauran kuma yayarka ta ce a ajiye mata, tana so mu ji tare bayan cin abinci."

Rediyo ta yi ƙara. "Gwaji, gwaji. Ranku ya daɗe, game da tumbin Manaja..."

Suka yi tafiya mai nisa muryar na ta zuba. Injiniya ya saci kallon mijin yayarsa, ya dubi rediyon. Can dai abin ya ci ƙarfinsa.

"Amma Yaya, tsakani da Allah, ka ji yadda sautin ya fita tar? Ni na saita shi da kaina."